Takardar da ba ta shiga akwati ba

A Garhanga, cikin duwatsun Adar, akwai wani tsohon malamin lakkwal wanda babba da yaro ke kira Mushe, ko da yake ya kusa shekara 20 da aje alli. Mutumin nan bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da idonsa ya gani shi ne kogin Yamai, sai kuma tabkin Keita a shekarar da damina ta yi albarka. Amma cikin watan Mayu na 2024, lokacin da zafin bazara ke koro mutane daga ɗaki zuwa tsakar gida, ya yi kwana da kwanaki kunnensa na jikin rediyo, yana murɗa gajeren zango daga wannan tasha zuwa waccan, saboda wani tsibiri da ke can bayan duniya, nisan kilomita wajen dubu 17 daga Pari. Sunan tsibirin Sabuwar Kaledoniya, babban birninsa kuwa Numeya. Labari ya zo cewa gari ya kama da wuta: samari sun datse hanyoyi, ana ƙone kantuna da masana'antu, Faransa ta kafa dokar ta-ɓaci tana ta sauke jandarmomi da jiragen sama.

Mushe yana da ɗan ƙanwa, ɗan kasuwa ne mai sayen albasa a Tamaske da Galmi yana lodi zuwa Abijan, inda ya yi shekaru har ya aje iyali. Wata rana da magariba ya zo gaisuwa, ya tarar da tsohon bisa tabarma da rediyonsa, sai ya ciro salula ya nuna masa hotunan gobarar. Da suka gama kallo ya ce: « Kawu, waɗanga mutane ai su suka ja ma kansu. Sau uku aka tambaye su, sau uku suka ce Faransa suke so. Mu da muka tashi, cikin wata biyar sojanta ya naɗe kayansa. Wanda ya zaɓi bauta da hannunsa, kukan mi yake yi? Kuma mi ya haɗa mu da tsibiri, mu da ko rijiya sai mun yi gaba ashirin? »

Tambaya ta biyu ce Mushe ya fara amsawa, domin ita ce mai sauƙi, kuma shekara da shekaru ya yi yana koyar da labarin ƙasa. Cikin 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka kafa tsinke a kan Sakkwato, suka zana da'ira mai nisan mil 100, wato kilomita 160, suka ce abin da ke cikinta na Ingila ne. Birnin Ƙonni da Madawa suka faɗa ciki. Da Faransawa suka zo bin hanyar da aka bar musu daga kogi zuwa Damagaram, sai suka tarar ba ruwan sha a kanta. Aka sake zama cikin 1904. Faransa ta saki haƙƙin da take da shi na kamun kifi a gaɓar wani tsibiri mai tsananin sanyi kusa da Kanada, wanda Faransawa ke kira Terre-Neuve, ita kuma Ingila ta ja iyaka kudu, ta haɗa mata da wasu ƙananan tsibirai da ke gaban Konakiri. Aka ƙarasa zanen cikin 1906. Mushe ya ce da yaron: « Ka ji abin da ya haɗa mu. Da ba domin kifin wani tsibiri ba, da yau ɗan Madawa naira yake kashewa. Kuma ba wanda ya tambayi kakanka, ba wanda ya tambayi masuntan. »

Tambaya ta farko kuwa bai amsa ta a daren ba. Ya ce dare ya yi, a dawo da safe.

Mai karatu zai so ya san mene ne tsibirin nan kafin a koma ga tsoho da ɗan ƙanwarsa. A tsohuwar taswirar duniya da ke rataye a bangon ajin Mushe, wani ɗan tsinke ne siriri a gabas da Ostareliya, an rubuta harufa biyu a ƙarƙashin sunansa, F da R, alamar mai shi. Faransa ta kafa tutarta a wurin ran 24 ga Satumba 1853, kusan shekara 50 kafin ta iso Adar. Mutanen da ta tarar sunansu Kanak, manoman doya da gwaza ne, kowace zuriya da ƙasarta da sarkinta. Daga 1864 ta mai da tsibirin gidan kaso, ta kwaso fursunoni fiye da dubu 20 daga Faransa cikin shekara 30 da ƴan kai, har da Larabawan Aljeriya da suka yi mata tawaye cikin 1871, waɗanda jikokinsu ke nan har yanzu, da maƙabartarsu kusa da garin Bourail. Aka ƙwace gonakin Kanak aka ba baƙi, aka tattara su a kurkusa da duwatsu, cikin filin da bai kai kashi 10 cikin 100 na babban tsibirin ba. Cikin 1878 wani sarkinsu mai suna Atai ya ɗaga makami, aka kashe shi, aka yanke kansa aka aika Pari, kuma kan nan bai komo gida ba sai cikin 2014. Ƙidayar 1921 ta tarar Kanak sun ragu zuwa wajen dubu 27. Dokar nan ta talakan mallaka, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da alƙali ba, wadda tsofaffinmu suka sani tare da aikin dole, ita ce ta hau kansu daga 1887 har 1946, shekarar da aka ɗauke ta a nan ma. Bulala ɗaya ce, bayan da ta sauka ne daban.

Da safe, bayan an sha koko, Mushe ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gafaka ta mahaifinsa. Ya zare wata ƴar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, ta yi laushi don tsufa, an ninke ta biyu. A jikinta harufa uku ne na boko: NON.

Ga yadda takardar ta samu. Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Digol ya sa aka yi zaɓen raba gardama a Faransa da dukan ƙasashen da take mallaka. Wanda ya ce « I » ya shiga sabuwar tarayya, yana mulkin cikin gidansa, amma soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje da ma'adinai masu muhimmanci suna hannun tarayyar, wato hannun Pari. Wanda ya ce « A'a » ya sami ƴancin kai nan take, sai dai ba sauran ko tamma ɗaya ta taimako. A lokacin gwamnatin Nijar tana hannun Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba mai alamar raƙumi, kuma Jibo, wanda ya yi karatun firamare a nan Tawa, ya yi kira da a ce « A'a », kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Ana saura ƴan makwanni aka aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani. Sarakunan da ke ƙawance da Sawaba suka juya mata baya, aka ga soja da motocinsu a karkara, magana kuma ta bazu kasuwa-kasuwa cewa in aka ce « A'a » Nasara zai tafi da komai, ba mai sayen gujiya da daraja, ba magani a asibiti.

Mahaifin Mushe falke ne mai jakuna, yana kai kaya Sakkwato wani lokaci har Kano, kuma a can ya fara jin kalmar sawaba a bakin mutanen Malam Aminu Kano kafin ta zama sunan jam'iyya a gida. Zuciyarsa tana wajen raƙumi, kowa ya sani. Amma akwai bashin kaya a kansa na wani kanti, ga mata biyu da ƴaƴa bakwai, ga gero bai shiga rumbu ba. Ana gobe zaɓe wani mai faɗa a ji ya aiko masa da saƙo gajere: takarda biyu za a ba ka, ka jefa ɗaya, ɗayar kuma ka kawo mini in gani. Mushe yana da shekara 10 a lokacin, shi ya raka uban, aka bar shi a waje yana riƙe da jaki. Abin da ya iya tunawa shi ne uban ya fito bai dubi kowa ba, suka biya ta wata rumfa, ya miƙa wa wani mutum wani abu, mutumin ya duba ya yi dariya ya mayar masa, ya ce: « Riƙe abinka, Malam, ka yi laya da shi. » A daren nan uban bai taɓa tuwo ba. Bai kuma sake ambaton ranar ba har ya rasu cikin 1985, bayan farin nan da ya share dabbobin Adar. Sai da aka zo rabon gado aka buɗe gafakar, aka tarar da takardar tsakanin takardun haraji da na bashi. Shekara 27 tana nan.

Ɗan ƙanwar ya juya takardar a hannunsa, ya ce: « Kenan kaka « I » ya jefa. » Mushe ya ce: « I ya jefa. In ka buɗe littafin tarihi za ka ga an rubuta cewa kashi 78 cikin 100 na mutanen Nijar sun zaɓi Faransa. Kakanka yana cikin lissafin. To, yanzu sake faɗa mini maganarka ta jiya. »

Lissafin da kansa abin dubawa ne. Ƙuri'u wajen dubu 372 suka ce « I », wajen dubu 102 suka ce « A'a », alhali mutanen da aka rubuta sun haura miliyan ɗaya da dubu 300. Wato kusan biyu cikin uku ba su fita ba sam. Jibo ya sauka cikin Oktoba, aka rushe majalisa, aka yi sabon zaɓe cikin Disamba, ran 18 ga watan aka yi shelar Jamhuriya Jori Hamani yana shugaban gwamnati, aka kuma haramta Sawaba cikin Oktoba 1959. Abin da ya biyo baya, gudun hijira da kurkuku da jinin 1964, gidaje da dama a ƙasar nan sun san shi fiye da littafi. Abin mamaki kuwa, ƴancin da aka ce in an taɓa shi sama za ta faɗo, wata 22 kacal bayan zaɓen Faransa da kanta ta miƙa shi, ran 3 ga Agusta 1960, bayan ta tabbata hannun da zai karɓa.

Sabuwar Kaledoniya ma ta yi zaɓen a rana ɗaya da mu, ta ce « I » da kashi 98 cikin 100. A lokacin tana da gwamnatin cikin gida da ministocinta, har da Kanak a cikinsu, kuma bisa amanar cewa hakan zai ɗore majalisarta ta zaɓi ta zauna yankin Faransa na ƙetare cikin Disamba 1958, a watan da tamu ta zaɓi Jamhuriya. Amanar ba ta daɗe ba. Cikin 1963 Pari ta soke muƙaman ministocin, cikin 1969 ta karɓe ikon ma'adinai. Dalili kuwa yana ƙarƙashin ƙasa: tsibirin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina arzikin nikel, ƙarfen da ake haɗawa a yi tukwane da cokula marasa tsatsa, yanzu kuma har da batiran motoci.

A nan ne Mushe ya kawo wani suna da ya ɗaure labarin biyu da igiya ɗaya. Babban wakilin Faransa a Dakar, wanda dukan gwamnonin Afirka ta Yamma ke ƙarƙashinsa lokacin zaɓen 1958, shi ne Pierre Messmer. Bayan shekara 14 mutumin nan ya zama firaministan Faransa, kuma ran 19 ga Yuli 1972 ya rubuta wa sakataren gwamnati mai kula da yankunan ƙetare wata wasiƙa da ta fito fili daga baya. Abin da ta ƙunsa a taƙaice: ba abin da zai iya girgiza zaman Faransa a Kaledoniya sai ƴan asalin ƙasar su tashi neman ƴanci, maganin haka kuwa shi ne a yi ta turo Faransawa da yawa, maza da mata da yara, har su rinjayi masu ƙasa a ƙidaya. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To, ga inda aka zauna aka shirya raɓar da hantsi ba zai busar ba. A ƙidayar 2019 mutanen tsibirin dubu 271 ne, Kanak kuwa kashi 41 cikin 100. Wannan shi ne babban bambancinmu da su, kuma ba jaruntakarmu ce ta kawo shi ba. Zafin rana da ƙarancin ruwa da nisa daga teku, abubuwan da muke kuka da su kullum, su ne suka hana Bature sha'awar kafa gona a Adar. Da ƙasarmu tana da iska mai daɗi kamar tasu, Allah kaɗai ya san wanda zai fi yawa a Tawa yau.

Tun da aka mai da mai gida marar rinjaye a gidansa, akwatin zaɓe ya zama abin tsoro gare shi. Cikin Nuwamba 1984, watanni biyu bayan kafa ƙungiyar masu neman ƴanci ta FLNKS, wani jagoransu, Eloi Machoro, ya sa gatari ya fasa akwatin zaɓe a garin Canala. Cikin Janairu 1985 jandarmomi suka harbe shi. Cikin Disamba 1984 aka yi wa Kanak goma kwanton ɓauna aka kashe su, biyu daga ciki ƴan'uwan shugaban ƙungiyar ne, Jean-Marie Tjibaou, uwa ɗaya uba ɗaya. Cikin 1988 aka kai ga abin da ya faru a tsibirin Ouvéa, inda aka kashe jandarmomi 4 aka yi garkuwa da wasu, soja suka afka wa kogon da aka ɓoye su, Kanak 19 da soja 2 suka mutu. Bayan wannan duka Tjibaou ya miƙa hannu ga jagoran masu son zama da Faransa, Jacques Lafleur, cikin Yuni 1988. Shekara ba ta cika ba wani ɗan'uwansa Kanak, wanda ke ganin sulhun cin amana ne, ya harbe shi ran 4 ga Mayu 1989. Mushe ya daɗe a kan wannan wuri. Ya ce mutumin da aka kashe masa ƴan'uwa biyu ya kuma iya zama tebur ɗaya da abokan hamayya, ba a kiransa bawa, ko da mai kiran ya fi kowa zafin kishin ƙasa.

Yarjejeniyar Numeya ta 5 ga Mayu 1998 ita ce ta tsara a riƙa miƙa wa tsibirin iko kaɗan-kaɗan, a bar wa Faransa soja da tsaron cikin gida da shari'a da kuɗi da yawancin hulɗar waje, kusan jerin da aka karanta mana cikin 1958, sa'an nan a yi zaɓen raba gardama har sau uku. A wannan karo « I » ce ke nufin ƴanci. Cikin Nuwamba 2018 masu son ƴanci suka sami kashi 43, cikin Oktoba 2020 suka kai kusan kashi 47, wato sun wuce yawan Kanak a ƙidaya, kuma tazara tana ta ƙanƙancewa. Na uku ya faɗo cikin Disamba 2021, annobar korona ta yi ɓarna a gidajen Kanak, suna cikin zaman makoki wanda a al'adarsu ba a yin siyasa a cikinsa. Suka roƙi a ɗaga ranar, Pari ta ƙi, suka ƙaurace. Aka sami kashi 96 na masu cewa a zauna da Faransa, amma waɗanda suka fita ba su kai kashi 44 cikin 100 ba. Wannan shi ne « sau uku » na ɗan ƙanwar Mushe. Wutar Mayu 2024 kuwa ta tashi ne da majalisar Faransa ta amince da buɗe rajistar zaɓen larduna, wadda aka kulle bisa yarjejeniyar 1998, ga duk wanda ya yi shekara 10 a tsibirin. Ga Bafaranshen Pari wannan adalci ne, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Ga Kanak kuwa wasiƙar Messmer ce ta dawo da sabon tambari. Mutum 14 suka rasa rayukansu, yawancinsu Kanak, biyu jandarmomi, kafin a janye dokar.

Ɗan ƙanwar ba mutum ne mai saurin sakin magana ba, kuma abin da ya kawo daga baya ya fi na farko nauyi. Ya ce: « To, Kawu, na ji. Amma wanda aka haifa can, ubansa can, kakansa fursuna ne da aka kawo cikin sarƙa, ko Balaraben nan da ka ce, shi ina za shi? Ɗiyana uku a Abijan aka haife su, ba su san hanyar Keita ba, amma duk ranar da siyasa ta yi zafi baƙi ake ce musu. » Nan Mushe ya yi shiru, domin ya tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙi, mutanenmu suka yi ta dawowa bisa manyan motoci da tabarmi da tukwane, wasunsu ba su taɓa ganin ƙauyen da aka ce nasu ne ba. Maganar yaron tana da gaskiya, kuma shugabannin Kanak da kansu sun karɓe ta tun 1983, da suka yarda cewa zuriyar waɗanda tarihi ya jefo tsibirin ba da sonsu ba suna da haƙƙi a makomarsa. Sai dai misalin bai zauna daidai ta kowane gefe ba. Ba'adaren Abijan bai je da bindiga da tuta ba, ba gwamnati ce ta tura shi don ya rinjayi masu ƙasa ba, kuma bai taɓa neman ya jefa ƙuri'a a kan ko Kodebuwa za ta zauna ƙarƙashin Yamai ba. Tsakanin jikan fursunan 1870 da ma'aikacin da aka turo daga Pari shekara 10 da suka wuce da albashi mai tsoka akwai tazara, kuma a kan inda za a ja layin ne ake ta zub da jini.

Akwai kuma maganar ciki, wadda ƴan kasuwa da ma'aikata suka fi kowa ganewa. Faransa ce ke biyan albashin malaman sakandare da alƙalai da jandarmomin tsibirin, kuɗin da suke kashewa kuma, faran na Pasifik, tagwayen sefarmu ne, cikin Disamba 1945 aka haife su tare. Mai jefa ƙuri'a a Numeya yana shiga rumfar zaɓe da lissafin asibiti da makarantar ɗansa a kai, kamar yadda wani falke ya shiga da bashin kanti. Kanak sun gane haka, shi ya sa suka yi fafutuka har lardinsu na arewa ya mallaki kashi 51 na babbar masana'antar nikel ta Koniambo. Amma Indunusiya ta cika kasuwar duniya da nikel mai araha, farashi ya faɗi, abokin hulɗarsu na waje ya janye, aka kashe wutar masana'antar cikin Agusta 2024, mutum fiye da dubu suka rasa aiki. Mushe bai buƙaci a yi masa fassarar wannan ba. Ya ga shekarun da uraniyom ɗin Arlit ya gina manyan benaye a Yamai, ya ga faɗuwar farashinsa a farkon shekarun 1980, ya yi wata da watanni yana shiga aji ba albashi cikin shekarun 1990, ya kuma kwana da jikarsa a aljihu cikin Janairu 1994 ya tashi ta zama rabi a kasuwar waje, bisa shawarar da aka yanke a Dakar. Duk wannan da tutarmu a sama, da kujerarmu a Majalisar Ɗinkin Duniya tun Satumba 1960. Yarjejeniyar tsaro ta Afrilu 1961 ma ta ba Faransa fifiko a kan ma'adinanmu masu muhimmanci tun kafin a haƙo buhu ɗaya. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar ran 22 ga Disamba 2023, wannan gaskiya ne, kuma ɗan ƙanwar yana da dalilin alfahari. Amma kuɗin da yake ƙirga cinikin albasarsa da su har gobe sefa ne, kuma da ya yi wa ƴan tsibiri gori bai sa wannan cikin lissafi ba.

Shekara ta kewayo. Ran 12 ga Yuli 2025, a wani gari mai suna Bougival kusa da Pari, wakilan ɓangarorin suka sa hannu a kan wani sabon shiri: za a kafa « Ƙasar Sabuwar Kaledoniya » da takardar ɗan ƙasa tata, amma a cikin Jamhuriyar Faransa. Cikin Agusta FLNKS ta ce ba ta yarda ba, wasu jam'iyyun masu neman ƴanci kuma suka tsaya a kan sa hannunsu. Da Mushe ya ji bayanin shirin a rediyo sai ya yi murmushi, ya ce wannan riga ya san ta, ita ce aka sa wa Nijar ran 18 ga Disamba 1958, suna na ƙasa, mabuɗin taska a wani wuri. Mu dai ta kai mu ga 3 ga Agusta cikin shekara biyu ba cika. Ko su za ta kai su wani wuri, ko kuwa ita ce ƙarshen tafiyar, a kan haka ne Kanak suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da matattunsa da yake tunawa.

A cikin wannan damina ɗan ƙanwar ya zo gida noma. Wata rana da la'asar, an ɗauke ruwa, ya roƙi a sake fito masa da takardar, ya ɗauki hotonta da salula don ya nuna wa ɗiyansa a Abijan. Sa'an nan ya ce: « Kawu, tsakaninka da Allah, da kai ne ranar nan, da bashin da komai, wace za ka jefa? » Mushe ya karɓi takardar, ya bi tsohon ninkin ya ninke ta, ya mayar cikin gafaka tsakanin takardun haraji. Ya ce: « Ni shekarata goma. Jaki aka ba ni in riƙe. » Aka kira sallar magariba, ya ɗauki butarsa.